Fiton da Noel Bai Ji Ba

Broken Hill,
6 ga Fabrairu, 1984

Auta,

Ina gaishe ka, duk inda motar kayanku ta sauke ka a wannan makon. Mu dai lafiya, sai zafi. Kwana tara ke nan ma'auni bai sauka ƙasa da arba'in ba. Mama ta koma kwana a baranda. Gwiwar tata tana nan yadda ka bar ta, bakin ma haka. Ta ga hoton da ka aiko, ta ce in gaya maka idan wanzamai sun ƙare a Sydney ta san wani a nan.

Kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki biro, ina da ƙorafi. Ranar Lahadi da ka kira, na ce maka karen Mama ya mutu, ka ce, "Madalla, haka ake so." Na tambaye ka yaushe za ka zo gida, ka ce ana jiran wayar. Noel, in ba ka da lokacinmu ka faɗa, ba sai ka riƙa amsa mini kamar mai korar ƙuda ba.

Yanzu ga labarin. Kerryn ɗina ta samu. Mista Haberecht, tsohon nan mai saita piyano a Adelaide, ya ɗauke ta koyon aiki, kuma shekara goma sha ɗaya rabonsa da ɗaukar kowa. Ta bayyana mini yadda abin yake. Kowane sauti na sama a piyano tsirkiya uku ke ba da shi. Idan ɗaya ta ɗan saki, sautin sai ya riƙa rawa, mai saiti kuma ya yi ta murɗawa a hankali har rawar ta tsaya cak. Babu na'ura, da kunne kaɗai ake yi. Ya sa ta juya baya, ya sassauta tsirkiya ɗaya da abin da bai kai kaurin gashi ba, ta nuna masa ita. Sau bakwai. Sai ya ce mata, "Yarinya, hannu zan iya koya miki. Kunne kuwa ba ni ke rabawa ba, kuma kin zo da naki."

Ta ga takardar tallanku a jikin bango, cewa za ku yi wasan kiɗanku na yammacin Lahadi a wata mashaya a Semaphore, nan gefen Adelaide, ranar 11 ga Maris. Ta ce sai ta je ta ga Kawu Noel a bakin aikinsa. Shekarunta goma sha tara, ba zan hana ta ba. Amma ni na taɓa zuwa wasanku sau ɗaya, na yi kwana biyu ina jin muryar Mama kamar daga cikin rijiya. Kunnen nan shi ne duk abin da yarinyar ta mallaka. Na ba ka amanarsa na awa biyu.

Ka tuna Baba. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da injin huda dutse a ramin haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa, ka kuma san yadda ya fito.

Yayarka,
Glenys

*

Albury,
17 ga Fabrairu, 1984

Yaya Glen,

Wasiƙarki ta same ni a gidan wayar Albury, na karanta ta a tsaye kamar mai sauraron hukunci. Lafiyata ƙalau, in ban da baya, shi ma laifin kujerar mota ne. Ki ba Mama haƙuri kan karen. Wayoyin mashaya ne, Glen, duk wanda ya kira kamar ta cikin matashin kai yake magana. Ki ce mata gashin nan na wurin aiki ne.

Kerryn kuwa! Na faɗa wa kowa a mota, har Trev direbanmu ya ce idan na sake ambaton Haberecht zai sauke ni a daji.

Ki kwantar da hankalinki. Wannan ai aikina ne. Shekara goma sha huɗu ina tsaye bayan teburin sauti a tsakiyar ɗaki, ni ke yanke yawan abin da zai fito daga lasifika. Masu ɗaukar kaya da masu tsayawa gefen dandamali sukan cire audugar gindin sigari su cusa a kunne, haka al'adarmu take. Ni ban taɓa sawa ba, kuma babu mai haɗa sauti da ya san kansa da zai sa. Mai girki ba ya toshe harshensa. Dole in ji abin da ɗakin ke ji.

Gaskiya ma bana ba mu da ƙara kamar da. Lasifikan haya sun lalace a ƙasar nan. Siraran sautin sama, wato kaifin jita da tsatsar faifan tagulla na mai ganga, duk sun dushe kamar an lulluɓe su da bargo. Sau biyu na sa aka canja mana kaya, duk kanwar ja ce. Sai na ɗaga makunnan sama kusan ƙarshe kafin abin ya fito. Jiya mawaƙinmu, wanda muke kira Dankali, ya ce mini, "Noely, kiɗa kake yi wa mutane ko aski?" Na ce, "Kai dai ka tuna baitinka na biyu, ka bar mini kunnuwan jama'a." Mawaƙi ai ba ya jin kowa sai kansa.

An daina yin abu mai ƙarko, shi ke nan. A masaukinmu na Wagga butar shayinsu ta ƙone ƙurmus a kan wuta ina zaune kusa da ita ina karanta jarida. Irin mai fiton nan ce, fiton ya mutu ba su gyara ba, amma matar gidan ta tsaya tana kallona kamar ni na yi laifi.

Kada ki haɗa ni da Baba. Don gudun ramin nan na bar gari.

Ki ce wa Kerryn ta zo da wuri ta nemi Trev a ƙofar baya. Za ta koma miki da kunnuwanta biyu, na ɗauki alkawari.

Autanku,
Noel

*

Port Augusta,
13 ga Maris, 1984

Yaya Glen,

Gaisuwa a gurguje, a kan murfin mota nake rubutu. Muna lafiya, mun nufi yamma.

Kerryn ta zo. Ta fi ki tsawo, ta kuma fi ki fara'a. Mun ci kifi da dankali a bakin teku kafin wasa, ta gyara mini yadda nake rera waƙar coci ta Mama. Ta ƙi zama wurina a teburi, ta ce ba ta yi tafiyar awa guda a jirgin ƙasa don kallon ƙeyar mutane ba, ta tafi gaba. An ɗan sami matsala da lasifika a waƙa ta huɗu, ba wani abu ba. Ta tafi kafin a tashi, ba ta jin daɗin jikinta, ina jin zafin ɗakin ne.

Garuruwan da ke gabanmu kwana ɗai-ɗai za mu yi. Ki aika wasiƙa gidan wayar Geraldton, a can za mu ɗan zauna.

Noel

*

Broken Hill,
15 ga Maris, 1984

Noel,

Ina fata kana lafiya. Mama lafiya. Ban san inda wannan za ta same ka ba, na aika ta ofishin wakilinku na Sydney.

Kerryn ta kira ni jiya. Tun ranar Lahadi kunnuwanta ke kuka, na hagu ya fi. Ta ce kamar gyare ya shiga ya ƙi fita, kuma duk abin da ke gefen hagu kamar a cikin ruwa take jin sa. Ranar Litinin ta zauna gaban piyano, Mista Haberecht ya buga sautin sama ya ce ta nuna masa tsirkiyar da ta saki. Ta ce masa, "Duka ukun rawa suke yi." Ya rufe murfin ya ce ta je gida ta huta mako guda.

Na ce mata, "Me ya faru a wurin?"

Ta ce, "Ba komai, Mama. Wasa ne."

Na ce, "Kawunki bai ba ki abin toshe kunne ba?"

Ta ce, "Mama, ana jiran wayar."

A bakinka ta koyi wannan ko? Ni na haife ta, na san muryarta idan tana kare wani. Ka gaya mini abin da ya faru. Ba faɗa nake nema ba, likita ne zai tambaya.

Glenys

*

Broken Hill,
9 ga Afrilu, 1984

Noel,

Gajeriyar wasiƙarka ta Port Augusta ta iso kwana biyu bayan na aika tawa. Tun daga nan shiru. Fiye da mako uku. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Mama ta yi mura ta warke.

Na je Adelaide a bas na raka Kerryn wurin likitan kunne. Fatar kunnen ba ta fashe ba. Ɓarnar tana can ciki, a ɓangaren da ke ɗaukar siraran sauti. Ya ce wani lokaci yakan dawo cikin wata uku, wani lokaci rabi, wani lokaci ko kaɗan. Kukan da take ji kuwa ya zauna daidai wurin tsirkiyoyin sama, inda aikin nata ya fi wuya. Mista Haberecht ya ce zai jira ta zuwa ƙarshen Yuni. Ya yi mana shayi da hannunsa, bai kalli idona ba.

"Ba wani abu ba," in ji ka. Ƙawar ɗakinsu da suka je tare ta ba ni labari a kan matakala. Ta ce lasifika ya yi wani fito da ba ta taɓa jin irinsa ba, mutum ɗari huɗu suka toshe kunne, kai kuwa kana tsaye kanka a sunkuye ba ka yi komai ba. Ta ce an miƙa wa Kerryn auduga kafin a fara, kai ka ce ba ta buƙata.

A bas ɗin dawowa na yanke cewa a buge kake. Awa shida ina shirya abin da zan faɗa maka. Da na iso gida na ɗauko wasiƙarka ta Fabrairu don in jefa maka alkawarinka a fuska. Na karanta ta sau biyu. Na tsaya a kan butar.

Kada ka kira ni a waya. Ka rubuto.

Glenys

*

Geraldton,
2 ga Mayu, 1984

Yaya,

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka shigo hannuna, shekaranjiya. Ta farkon ta yi ta bin mu gari gari. Ina gaida Mama. Jikina lafiya.

Ban sha komai ba ranar. Da ma na sha, da ina da abin ɗora wa laifi.

Ga yadda aka yi. Da safe na gwada kayan, ɗakin mai rufin kwano ne, na ji sautin a dushe kamar kullum, na ɗaga makunnan sama. Kafin a buɗe ƙofa Trev ya karya sigari biyu ya miƙa wa Kerryn audugar. Ya ce, "Ungo, 'yar gidan Noely, kyautar gida ce." Ta juyo ta kalle ni. Ni kuwa na ce, "Bar shi, Trev, yau sanyi-sanyi za mu yi. Kada a ɓata wa Haberecht kunne da taba." Ta yi dariya ta mayar masa. Trev ya jefa audugar a aljihu. Ba ƙarya na yi mata ba, Glen. Abin da na ji na faɗa.

Ta tsaya gaba ta hagu, kamu biyu daga tarin lasifika. A waƙa ta huɗu Dankali ya diro daga dandamali da makirufo a hannu, ya bi ta gaban lasifikan. Idan makirufo ya kama muryar lasifikansa, sai su yi ta miƙa wa juna sautin yana ƙaruwa har ya zama fito. Abu na farko da ake koya wa mai teburi ke nan: da ka ji fito, ka ja ƙasa kafin ka yi numfashi. A da tun yana jariri nake kama shi, kafin kowa a ɗakin ya lura.

Kaina yana sunkuye ina neman kaifin jita, ina ƙara ɗagawa. Da na ɗago sai na ga hannuwa a kan kunnuwa, bakuna a murɗe. Mai rarraba giya ta saki farantin kofuna. Dankali yana ɗaga mini hannu biyu. Na zaci faɗa ya ɓarke, har ina leƙen inda ake yi. Trev ne ya ratsa jama'a ya ture hannuna ya ja komai ƙasa. Ya ce abin ya kai daƙiƙa ashirin. Ni ban ji komai ba. Ganga nake ji a ƙirjina kamar kullum.

Bayan an tashi na ce wa kowa wayar makirufo ce ta lalace. Haka na ce wa kaina har zuwa Port Augusta, na kuma rubuta miki.

Tun da an zo nan, ga sauran. Shekara shida ke nan kunnuwana suna kuka. Da rediyo nake barci, in murɗa shi tsakanin tasha biyu don shuuu ɗin ya rufe kukan. A mota kujerar da ke fuskantar kowa nake zaɓa, don in ga leɓuna. Kowa a sana'ar nan kunnensa na kuka, har wasa muke yi da shi, mu ce alamar an yi aiki ce. Na ɗauka kuka ne kawai ya ƙaru. Ban san wani abu ya ragu ba.

Kin ce kada in kira. Na fahimta. Ni ma da ni ne ba zan so jin muryar nan ba. Ba zan dame ku ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki riƙa sanar da ni halin da take ciki, ko layi ɗaya ne. Muna Perth daga tsakiyar wata, akwai wasa goma sha bakwai kafin a rufe zagayen.

Noel

*

Broken Hill,
11 ga Mayu, 1984

Auta,

Lafiya muke. Sanyi ya fara shigowa, Mama ta koma ɗaki.

Kai dai tun kana ƙarami rabin magana kake ɗauka ka gudu da ita. Na ce kada ka kira ne don ba ka ji a waya, wawa. Ina so in yi maka tambaya in tabbata ta isa.

Buta uku Baba ya ƙona a gidan nan, ka manta? Kai kana ɗan shekara tara. Duk lokacin sai ya ce an daina yin buta mai kyau. Ya ce rediyo ya lalace, ya ce limamin coci yana cin magana, ya ce mu 'ya'yan zamani ba ma buɗe baki. Ranar da Kerryn ta fara buga piyano a makaranta ina zaune kusa da shi. Hannun mutane yake kallo, in sun tafa ya tafa. A gida kuwa sai ya ja kujera ya ɗora tafinsa a kan murfin piyanon Mama, ya ce ta nan ya fi shiga. Har ya mutu bai taɓa cewa ba ya ji ba. Da na karanta maganar butarka, muryarsa na ji.

Fushi kuwa ina yi. Kada ka zaci ya wuce.

Kerryn tana nan. Na dama ya ɗan sake ta, na hagu bai motsa ba. Kullum tana zuwa shago ta share, ta manna ulu a kan 'yan gudumomin da ke bugun tsirkiyoyin piyano, da yamma tsohon ya gwada ta.

Ga tambayata. Ka ce saura wasa goma sha bakwai. Wa zai tsaya bayan teburin? Idan kai ne, 'yar wa ce za ta tsaya kamu biyu daga lasifikan?

Ka je a auna ka.

Glenys

*

Perth,
20 ga Yuli, 1984

Yaya Glen,

Ina gaishe ku da sanyi. Ki yi haƙuri da jinkiri, ban so in rubuto ba sai ina da abin faɗa. Lafiyata ƙalau. Bayan ma ya daina ciwo.

Wasa uku na ƙara yi bayan wasiƙarki ta zo. Ba zan ɓoye miki ba. A na ukun na kasa kallon teburi, fuskokin 'yan gaba nake ta kallo. Washegari na je wurin likitan kunne.

Sun sa ni a wani ɗan ɗaki mai kaurin bango, suka ba ni abin dannawa, in danna duk lokacin da na ji sauti. Da farko ina ta dannawa. Can sai na zauna ina jira, ina cewa na'urar ta tsaya. Ta gilashi na ga hannun matar da ke auna ni yana aiki. Takardar da ta zana ta tafi a miƙe, sannan ta gangara kamar gefen tudun dattin ma'adinai na garinmu. Likitan ya duba, bai ko ɗago ba ya ce, "A wane rami ka yi aiki?"

Na yi dariya har ya ɗago. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ya ce a cikin kunne akwai wasu 'yan gashi kamar ciyawa. Ƙara tana kwantar da su, in an huta su miƙe. Idan aka yi ta takawa, wata rana ba za su miƙe ba, kuma ba sa sake tsirowa. Na bakin hanya, masu ɗaukar siraran sauti, su ke fara mutuwa. Na gaya masa wani ma'aikacin hukuma ya taɓa auna ƙarar ɗakinmu ya sami desibel ɗari da goma sha biyar a ma'auninsa. Ya ce injin huda dutse ke nan, kuma kunne tsirara bai kamata ya wuce minti guda a ciki ba. Mu awa ɗaya da rabi muke yi, kwana shida a mako. Sannan ya faɗi abin da na riga na sani tun a mota: duk abin da kunnena ya rasa, hannuna ya ƙara shi a teburi, jama'a suka sha.

Na tara su Dankali na gaya musu na sauka. Dankali ya sosa kai ya ce, "Ai mun sani tun bara, Noely."

Na ce, "Me ya hana ku faɗa?"

Ya ce, "Mun faɗa."

Yanzu ni da Trev muke karɓa-karɓar tuƙi, ina naɗe wayoyi. Na sayi kwalba babba na cika ta da abin toshe kunne na soso irin na masana'anta, ina tsayawa da ita a bakin ƙofa. Ranar Lahadi mutum ɗari uku suka shiga, goma sha ɗaya suka ɗauka. Ɗaya ya jefa a baki, ya zaci alewa ce. Wani ya ce, "Kaka, in ya yi maka ƙara ka tafi gida mana." Shekaruna talatin da shida.

Ƙarshen Yuni ya wuce, Glen. Ba ki ce komai ba. Na fara rubuta wa Kerryn sau biyar, ban wuce gaisuwa ba.

Autanku,
Noel

*

Broken Hill,
3 ga Disamba, 1984

Auta,

Ina gaishe ka. Zafi ya dawo, Mama ta koma baranda. Tana lafiya, tana tambayar ka kullum, na ce mata ka yi aski don ta bar ni in huta. Kada ka ƙaryata ni.

Wata huɗu ban amsa maka ba. Na san yadda za ka fassara shirun, amma ba haka ba ne. Labari mai daɗi nake jira in haɗa da wasiƙar.

Mista Haberecht ya ɗaga wa'adin zuwa Satumba, ya sake ɗagawa zuwa Oktoba. A ƙarshe ita ce ta ce a yi ta ta ƙare. Ya ba ta piyano guda ta saita daga farko har ƙarshe, ta yi awa uku. Ya zauna ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa daidai, tsakiya daidai. Da ya kai sama sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge su. Ta ce masa, "Ba sai ka faɗa ba." Ya ce ta zauna ta riƙa gyaran guduma da tsirkiya, aiki ne mai mutunci. Ta yi mako shida, ta ce ba za ta iya zama a ɗakin girki da bakinta a ɗaure ba. Ta dawo gida. Tana aiki a ɗakin karatu na gari, ta ce shirun wurin ne ya fi damun ta, don a nan kukan ke fitowa sosai.

Na tambaye ta game da kai. Ta ce, "Da safe ina fushi da shi, da yamma ina tausayinsa, ban san wanne ne nawa ba." Ta ce a lokacin da abin ke faruwa ta juya ta neme ka. Ta gan ka kanka a sunkuye kana ɗan murmushi, kai kaɗai a ɗakin nan ba ka san komai ba. Ta ce wannan hoton ya fi fiton tsaya mata.

Ni ban yafe ba tukuna. Ban san ko zan iya ba. Amma ka zo Kirsimeti. Ita ce ta ce a gaya maka, ba ni ba. Ta ce, "Ki ce wa Kawu ya bar wasiƙar nan da ya kasa rubutawa, ya zo kawai. Zan buga masa, ya ja kujerar marigayi Kaka ya ɗora hannu a murfi." Na share ɗakinka. Na kuma sayi buta ta lantarki mai kashe kanta.

Ranar Asabar ta fito da kayan aikinta ta saita piyanon Mama, karo na farko tun dawowarta. Ina kicin ina saurare. Ta fara daga tsakiya, ta sauka ƙasa, ta dawo ta hau. Kowane sauti sai ya yi ta rawa, ya lafa, ya tsaya cak, kamar yadda ta bayyana mini a Fabrairu. Da ya rage maɓalli goma sha huɗu a sama sai ta ajiye ƙarfen murɗa tsirkiya. Ta rufe murfin ta ce, "Waƙoƙin Kirsimeti ba sa kaiwa can." Mama ta ce ba ta taɓa jin piyanon ya yi daɗi haka ba.

Suna kaiwa, Noel, guda biyu daga ciki. Idan ta buga su, ita ba za ta tabbata ba, kai ba za ka ji ba, Mama ta tsufa. Ni kaɗai a ɗakin zan ji sun karkace, kuma ba zan ce komai ba.

Bas ɗin Adelaide yana isowa ƙarfe huɗu. Ka rubuto mini ranar.

Yayarka,
Glenys